Me ya sa sai da aka gicciye Yesu kafin a gafarta zunubi?

Salama, 'yar'uwa. Kin ce a ajin baftisma da kike koyarwa a Sabon Tasha wata yarinya ta tambaye ki: tunda Allah mai iko ne, me ya hana ya ce "na yafe" kawai, sai da Yesu ya mutu? Yarinyar ta yi tambaya mai kyau, kada a tsawata mata.

Tun kafin ki buɗe aya, ki gyara musu kalmar kafara. Yaranmu na Kaduna sun tashi da maƙwabta Musulmi, kunnensu ya saba da kaffarar da mai laifi yake yi da kansa, kamar wanda ya karya azumi da gangan ya yi azumin wata biyu a jere ko ya ciyar da miskinai 60. In ba ki bambanta ba, za su ɗauka akwai abin da mutum zai biya. A Littafin Firistoci 17:11 kuwa Allah ya ce shi ne ya ba da jinin a bisa bagade domin kafara. Wanda aka yi wa laifi shi ya tanadi abin fansa.

Daga nan kada ki yi tsalle zuwa Golgota, wurin da aka gicciye Yesu. Ki zauna a Firistoci sura 16, ko da za ta cinye Lahadi guda. Sau ɗaya a shekara, ran 10 ga wata na bakwai, babban firist yakan shiga Wuri Mafi Tsarki, wato ɗakin can ciki na wurin sujadar Isra'ilawa, wanda labule ya kare. Yakan fara yanka bijimi domin nasa zunubin, don shi ma mai zunubi ne. Sai a kawo bunsuru biyu a jefa ƙuri'a. Na farko a yanka, ya shiga da jinin bayan labule ya yayyafa sau bakwai a gaban murfin akwatin alkawari. Na biyu ba a yanka shi. Firist ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifofin jama'a duka, a kora shi jeji. Ki zana bunsurun nan biyu a allo: ɗaya yana nuna hakkin zunubi mutuwa ne, ɗayan yana nuna an ɗauke zunubin an yi nesa da shi. Sannan ki tambaye su, me ya sa ake maimaitawa kowace shekara? Ibraniyawa 10:4 ta amsa: jinin bijimai da awaki ba ya iya kawar da zunubi. A aya ta 11 da 12 na wannan sura firistoci kullum a tsaye suke, Almasihu kuwa ya miƙa hadaya ɗaya ya zauna.

Yanzu gicciyen zai yi musu ma'ana. Hukuncin Romawa ne ga bayi da 'yan tawaye, an zartar da shi a kan Yesu a zamanin Bilatus, gwamnan Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36. A Markus 15 an gicciye shi wajen ƙarfe 9 na safe, duhu ya rufe ƙasa daga 12 zuwa 3, da ya saki ransa labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa, labulen da firist yake ratsawa da jini. Ga Bayahude, wanda aka rataye a itace la'ananne ne bisa ga Maimaitawar Shari'a 21:23, shi ya sa Bulus ya ce a Galatiyawa 3:13 Almasihu ya ɗauki la'anar a madadinmu.

Ita tambayar yarinyar, amsarta tana Romawa 3:25-26: Allah mai adalci ne, kuma shi ne mai kuɓutarwa. Ki ba su misalin mai shago a Kasuwar Barci da ya yafe wa abokin ciniki bashin naira dubu 50. Ya ja biro ya soke sunan a littafi, amma kayan sun riga sun fita, asarar ta koma aljihunsa. Babu yafiyar da ba ta cin mai yafewa. Kolosiyawa 2:14 ta ce an kafe takardar bashinmu a jikin gicciye.

Inda malamai suka fi zamewa shi ne su nuna Uba cike da fushi, Ɗa kuma yana lallashinsa. Yaron da ya ji haka zai ƙaunaci Yesu ya riƙa gudun Allah. Ki toshe wannan da 2 Korantiyawa 5:19, Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa, da kuma Yahaya 10:18 inda Yesu ya ce ba mai ƙwace ransa, shi ne yake ba da shi. Wasu kuma sukan ƙare darasi a kan bulala da ƙusoshi har yara su yi ta kuka, alhali 'yan fashi biyu ma sun sha wannan azaba a gefensa, ba su fanshi kowa ba. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya mutu marar zunubi ne. Kada kuma ki bar tashin matattu sai Ista, domin 1 Korantiyawa 15:17 ta ce in Almasihu bai tashi ba, har yanzu muna cikin zunubanmu.

Tabbas wani zai ce, "To, tunda an biya, sai mu yi abin da muka ga dama?" Ki kai shi Romawa 6:1-4, wadda dama ita ce ayar baftisma: shiga ruwa binnewa ce tare da shi, fitowa kuma sabuwar rayuwa. In kuma sun ce abokansu Musulmi sun gaya musu ba a gicciye Annabi Isa ba, ki gaya musu gaskiya cewa haka Musulunci ya koyar, a nan muka bambanta, su amsa da ladabi ba da gardama ba.

Ki raba darasin Lahadi uku: Firistoci 16, sai Ishaya 53 tare da Markus 15, sai Romawa 3 da 6.