Tambaya da Amsa: Hannun Dutse a Bakin Ruwa, Yashin Wa Yake Tarewa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke bakin kogi a ƙasar Ringim, jihar Jigawa. Tun ambaliyar 2022 gaɓar da ke gefen garinmu take zabtarewa kowace damina, ta ci gonakin mutane da dama, yanzu kuma saura ƙiris ta kai maƙabarta. Ƙanena da ke aikin gadi a Lekki ta Legas ya zo ganin gida, ya ba mu labarin wasu dogayen jerin duwatsu da aka miƙa daga bakin teku zuwa cikin ruwa, ya ce tun da aka yi su yashi yake taruwa a wurin. Sai muka yi shawarar yin karo-karo mu sayo duwatsu mu yi irinsu a gaɓarmu. Wani ma'aikaci da muka kai wa maganar ya ce kada mu soma sai an yi nazarin muhalli. Dattawanmu suna ganin wannan hanyar ɓata lokaci ce kawai da cin kuɗi. Mene ne wannan nazari, kuma me zai hana mu kare ƙasarmu da kuɗinmu?

Mai karatu daga ƙasar Ringim

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare muku garinku da makwancin iyayenku. Ƙanenka bai faɗi ƙarya ba, amma gefe ɗaya na aikin ya gani, domin mai tsayawa a inda yashi ya taru ba ya hango inda aka rasa shi.

Abin da ya gani, bari mu kira shi hannun dutse, tunda kamar hannu yake miƙewa daga gaɓa zuwa cikin ruwa. Ya bambanta da jingar da kuka sani, wadda ke bin tsawon gaɓa don ta hana ruwa hawowa gari. Hannun dutse ba ruwa yake tarewa ba, yashi yake tarewa. A bakin tekun Legas igiyar ruwa ba ta zuwa kai tsaye, a karkace take dukan gaɓa daga kudu maso yamma, saboda haka kowace igiya takan tura yashi gaba kaɗan kafin ta janye, ta bayanta ta ƙara tura shi, har ya zama yashin bakin tekun tafiya yake yi dare da rana daga yamma zuwa gabas, kamar ayarin da ba ya yada zango. Gaɓar da take zaune lafiya ita ce wadda yashin da ke shigo mata ya yi daidai da wanda ke fita. Idan aka gindaya duwatsu a kan wannan hanya, yashi zai jibge a gefen da yake fitowa, gaɓar wurin ta yi faɗi, masu gidaje su yi murna. A ɗaya gefen kuwa igiya ba ta daina kwasa ba, amma an daina kawowa, sai ta koma cin ƙasar da ta tarar. Hannun dutse bai taɓa haifar da ƙwayar yashi ko guda ba. Rabon wani yake riƙewa.

Legas ɗin da kanta ita ce babbar shaida. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya riƙa toshe wa jirage hanya. Buƙatarsu ta biya. Sai dai yashin da ke tahowa daga yamma ya tsaya a bayan katangar yamma, ita kuma gaɓar Bar Beach da ke gabas, a Victoria Island, ta shiga ramewa shekara da shekaru, har ta kai teku yana hawowa titin Ahmadu Bello. Gwamnatoci sun yi ta zuba yashi ruwa yana kwashewa, kafin daga baya a cike wurin a kafa unguwar Eko Atlantic da doguwar katangarta. Jerin duwatsun da ƙanenka ya gani a Lekki, gabas suke da wannan wuri, a yankin da shi ma zaizaya ta addaba. Haka aka yi a garin Keta na ƙasar Ghana, inda aka kammala babban aikin kare gaɓa a 2004 da hannayen dutse shida: garin ya samu sauƙi, amma ƙauyukan da ke gaba da shi ta wajen iyakar Togo suka ga teku ya ƙara matso su. A can ma tushen matsalar ya haɗa da madatsar Akosombo ta 1965, wadda ta riƙe yashin da kogin Volta ke kai wa bakin teku.

Irin wannan ne ya sa ƙasashe suka wajabta a yi bincike kafin a jefa dutse na farko. A Najeriya dokar ita ce mai lamba 86 ta shekarar 1992, wadda aka kafa 'yan shekaru bayan abin kunyar da ya faru a Koko a 1988, lokacin da aka jibge dattin guba daga Italiya a wani ƙaramin gari na bakin ruwa. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke kula da ita, tare da hannun ma'aikatun jihohi. Ba kowane aiki ne ake yi wa cikakken nazari ba. Matakin farko tantancewa ne, a duba girman aikin da irin wurin da za a yi shi, a yanke ko ɗan taƙaitaccen bincike ya isa ko sai an zurfafa. Idan babba ne, sai masana su auna wurin, su rubuta rahoto, a baje shi a bainar jama'a na kwanakin aiki 21 don duk mai ƙorafi ya faɗa, sannan kwamiti ya zauna a kansa kafin a ba da izini ko a hana.

A bakin teku, tambayoyin da nazarin ke bi sanannu ne. Yashi nawa ke wucewa ta wurin a shekara, kuma kashi nawa hannun zai riƙe? Tsawonsa nawa ya kamata, tazara nawa tsakaninsa da na gaba? Za a sayo yashi a cika tsakanin hannayen tun ranar farko, don na hanya ya samu ya wuce zuwa ga maƙwabta, ko za a bar su su cika da rabon mutane? Ana duba inda masunta ke jawo kwalekwalensu, da inda kunkurun teku ke hawowa ya yi ƙwai, da ruwa mai fizga da kan taso a jikin duwatsun ya ja mai wanka zuwa zurfi. Sannan wajibi ne a kwatanta aikin da wasu hanyoyi, har da barin wurin yadda yake. Jihar Karolina ta Arewa a Amurka ta haramta irin waɗannan gine-gine a gaɓar tekunta tun 1985, da ta sassauta a 2011 kuwa, guda huɗu kacal ta yarda a gwada, bisa sharaɗin cikakken nazari da ci gaba da auna gaɓar maƙwabta, da kuma tanadin kuɗin gyara idan aikin ya yi ɓarna. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi burge ni, domin ya sa mai gini ya san da wa zai yi shari'a tun kafin ya fara.

Yanzu mu dawo kogin Haɗeja da ya ratsa ƙasar Ringim, domin kogi ba teku ba ne, kuma bambancin bai rage haɗarin ba. A kogi ruwa gefe ɗaya ya nufa, kuma duk inda ya yi gwiwa, gaɓar waje ce ke shan duka tana zabtarewa, ta ciki kuma tana tara yashi. Alamu sun nuna garinku a bayan gwiwa yake. Injiniyoyi suna yin hannun dutse a koguna, yana kuma aiki: yakan rage gudun ruwa a jikin gaɓa, laka ta kwanta a tsakanin hannayen, ƙasa ta soma dawowa. Amma ƙarfin da aka kawar daga gaɓarku bai mutu ba. Wani sashensa zai haƙa gurbi mai zurfi a daidai bakin hannun, wanda in ba a yi wa ginin tushe mai kyau ba, a damina ɗaya zai haɗiye duwatsun da kuka yi wa karo-karo, ya bar muku ramin da yara da dabbobi za su riƙa faɗawa. Sauran ƙarfin kuma tsallake zai nufa, ko ya sauka a kan ƙauyen da ke ƙasa da ku. Mutanen tsallake surukanku ne, kasuwa ɗaya kuke ci, wataƙila ma hakimi ɗaya kuke bi. Ranar da gonakinsu suka fara zubewa, ba za su ce ruwa ne ya ci su ba, za su ce duwatsun mutanen wancan gari ne.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da ƙasarku. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da gangara sosai, saboda haka ɗan tashin da ruwa zai yi idan an matse masa hanya yana iya malala nesa cikin gonaki. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin gudun kogin ya sauya, ruwa ya daina ƙafewa da rani a wurare da yawa, kachala ta samu wurin zama ta toshe rassan kogin daga Haɗeja zuwa Nguru, laka kuma ta cike gindinsu. Kogin da hanyarsa ta riga ta ƙuntata ba ya buƙatar a ƙara cusa masa abu a maƙogwaro ba tare da awo ba. Ga masunta da mashayar dabbobi da masu fito da masu noman rani da ke jan ruwa da inji, kowannensu yana da abin da zai rasa ko ya samu idan zurfin kogin ya koma wani gefe.

Game da zargin dattawa, ba zan ce ba shi da tushe ba. An sha yin rahoton da aka rubuta a ɗakin otal, aka kwafo shafukan wani aiki aka sauya sunan gari, aka baje shi a ofishin da talaka ba ya shiga, da Turancin da ba ya ji. Irin wannan cin kuɗi ne tsagwaronsa. Amma maganinsa shi ne ku tsaya a yi na gaskiya, ba ku yi watsi da shi ba. Alamar na gaskiya ita ce mai binciken zai zo da damina ya zo da rani, zai shiga kwalekwale ya auna zurfi, zai zauna da sarkin ruwa da tsofaffin da suka san inda kogin yake bi kafin a gina Tiga, zai kuma haye tsallake ya ji ta bakinsu. Wanda bai jiƙa ƙafarsa ba, bai yi muku nazari ba.

Shawarata ita ce kada ku taɓa kuɗin karo-karon tukuna. Ku rubuta takarda ta hannun dagaci da hakimi zuwa ƙaramar hukuma da Ma'aikatar Muhalli ta jiha, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ku nemi a turo injiniyan ruwa, ku kuma tambaya ko wurinku zai shiga shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, mai suna ACReSAL, da Bankin Duniya ke tallafawa a jihohin Arewa. Kafin amsa ta zo, ku kafa turaku a layi nesa da gaɓa, ku riƙa auna tazarar da ke tsakaninsu da gaɓa da igiyar awo kowane wata kuna rubutawa, ku ɗauki hotuna da waya daga wuri ɗaya. Wannan littafi zai fi kowane kuka ƙarfi a gaban jami'i. Ku gayyaci dagacin tsallake tun yanzu, takardar ta fita da sa hannun garuruwa biyu.

Akwai ayyukan da za ku iya yi a bana waɗanda ba sa tura ruwa kan kowa. A sassabe gaɓar da ta tsaya tsaye kamar bango a mayar da ita mai gangara, a dasa jema a jere, domin saiwarta na nitsewa ƙasa sosai tana ɗaure yashi. A bar ɗan fili tsakanin gona da baki ba tare da an sa garma ba. A daidai maƙabarta, inda abin ya fi gaggawa, kwandunan waya cike da duwatsu da aka kwantar a jikin gaɓa, suna bin tsawonta ba tare da sun kutsa cikin ruwa ba, sun fi dogon hannu aminci, ko da yake su ma gara injiniya ya nuna inda za su fara da inda za su ƙare, saboda ruwa yakan zagaya ta ƙarshensu. Idan kuma akwai masu tifa da ke kwasar yashi a gindin wannan gaɓa ko kusa da ita, to wannan ce maganar da ya kamata ta fara zuwa gaban hakimi, domin ramin da suke bari yana zabtar da gaɓa fiye da yadda duwatsun tifa ɗari za su iya riƙe ta.