Tambaya da Amsa: Baƙin Zanen da Ke Jikin Tsingaron Girkawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar tarihi ce, ina aji biyu a jami'a. A wani darasi an nuna mana hoton tsingaro daga ƙasar Girka, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Akwai kan doki da hannun mutum a jikinsa, baƙi wuluk a kan jan yumɓu, kuma an ce ya haura shekara 2,500. Wane irin fenti ne wannan da bai koɗe ba? Sannan me ya sa suke adana fasasshen abu cikin gilashi, alhali mu nan bola muke kai shi?
Ɗalibarka daga Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah Ya yi miki albarka. Ba fenti ba ne. Yumɓu ne, kuma asalinsu ɗaya da wanda aka gina tukunyar da shi.

Yumɓun yankin Atens yana da sinadarin ƙarfe da yawa, shi ya sa yake yin ja idan ya sha wuta. Magini zai ɗebi wani kaso, ya dama da ruwa, ya bar shi ya kwanta, kamar yadda mata ke yi wa gasara. Tsakuwa da yashi su sauka ƙasa, mai laushin ya tsaya sama. Wannan na saman ake kwashewa, a bari ya yi kauri kamar kunu, da shi ake shafa surar doki ko ta mutum a jikin tukunyar da ta sha iska amma ba a gasa ba. A wannan lokaci launin zanen da na tukunyar kusan ɗaya ne. Wuta ce ke raba su.

Suna gashi a rufaffen tanderu mai kafar iska a sama, kuma gashin hawa uku ne. Da farko a bar iska ta shiga har zafi ya kai wajen digiri 800, komai ya yi ja. Sai a toshe kafar, a jefa ɗanyen itace, hayaƙi ya turnuƙe, zafi ya hau wajen 950. A nan tukunyar gaba ɗaya take komawa baƙa, shi kuwa tataccen yumɓun ya ɗan narke ya haɗe jikinsa. Daga nan a buɗe kafar, a bar wuta ta lafa. Jikin tukunya, da yake yana da ƙananan ƙofofi, sai ya sake shaƙar iska ya koma ja. Wurin zanen ya riga ya toshe, iska ba ta da mashiga, sai ya dawwama baƙi mai sheƙi. Ba su da ma'aunin zafi. Da ido suke gane wutar, suna kuma saka 'yan gutsattsarin gwaji suna zaro su suna dubawa.

Ranar da na fara karanta wannan bayani, kakata ta wajen uwa na tuna, Allah Ya jiƙanta. Maginiya ce. Idan tana son tukunyar miya ta yi baƙi, tana zaro ta daga wuta da zafinta sai ta binne ta cikin ƙaiƙayi, hayaƙi ya kama ta. Nata baƙin na hayaƙi ne da ya ratsa jikin tukunya, na Girkawa kuwa ƙarfen cikin yumɓun ne ya sauya launi aka kulle shi. Amma ilimin hana wuta iska, shi ɗin ne dai.

Ki koma kan hotonki ki dubi gezar dokin da idonsa. Za ki ga siraran layuka masu haske. Ba alƙalami ya ja su ba. Kafin gashi mai zanen ya sa tsinin ƙarfe ya karce baƙin har jan ƙasan ya leƙo, irin aikin masu zanen ƙwarya. Suna ƙara jan da ya yi kusa da shunayya a gemu da tufafi, da fari a jikin mata, domin al'adar zanensu mace fara ce, namiji baƙi. Farin shi ne mai saurin ɓantarewa, don haka idan kika ga fuska ta dushe babu sheƙi, sau da yawa mace ce farinta ya tafi.

A birnin Korinti aka fara wannan salo wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da jerin zakuna da awaki da tsuntsaye suna kewaye tulu. Mutanen Atens suka karɓa a ƙarshen ƙarni na bakwai kafin haihuwarsa, suka cika shi da mutane da labaran jarumansu. Wajen shekara ta 530 kafin haihuwarsa aka juya abin, aka koma baƙanta fili a bar mutanen ja.

Batun gilashi kuwa, shi ya fi taɓa ni. Katako gara ta ci, tufa ta ruɓe, tagulla an narkar an sake ƙera wani abu. Manyan zane-zanen Girkawa na jikin allo kusan duk sun ɓace. Gasasshen yumɓu yana fashewa amma ba ya ruɓewa, kuma ɓarawo ba ya sha'awarsa. A shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sojojin Farisa suka ƙone tudun Akropolis na Atens. Mutanen gari suka binne ɓaraguzan, sai tsakanin 1885 da 1890 aka tono dubban tsingaro a wurin. A cikinsu akwai guntun kofin wani mai zane Niyarkos, an ga jarumi Akilis tsaye gaban dawakinsa, ga sa hannun mai aikin. Wani guntun da aka samu a garin Farsalos na Girka kuma aikin wani mai zane Sofilos ne, ya zana tseren keken doki, 'yan kallo a kan matakala suna ɗaga hannu, ya rubuta cewa shi ya zana. Sauran jikin tukunyar ya tafi, amma wannan taron 'yan kallo yana nan yana sowa.

Galibin masu zanen ba su sa suna ba. Wani Baturen Ingila, Jon Bizli na Jami'ar Okusfod, wanda ya rasu a 1970, ya ƙarar da rayuwarsa yana duba yadda kowane ɗaya ke karce kunne da gwiwa da idon sawu, har ya ware hannun ɗaruruwan mutane. Ta haka ake gane guntun da ke wata ƙasa ɗan'uwan wanda ke wata ƙasar ne. Ban yi mamakin wannan ba ko kaɗan. Malamin allo yana gane rubutun almajirinsa daga baƙi ɗaya, kakata ma a kasuwa takan shafa bakin tulu ta faɗi gidan da aka gina shi.

Kayan nan sun iso Afirka. An tono su a Naukratis ta Masar tun daga 1884, da Tokra a gaɓar tekun Libiya, kuma da su ake lissafa shekarun sauran abin da aka samu tare da su.

Abin da ke damuna shi ne namu. Na taɓa zuwa kufan Surame, birnin Kanta, na ga tsingaro a ƙasa, wasu da sawun igiyar da magini ya murza a jikin ɗanyen yumɓu, dabbobi na bi ta kai. Idan Allah Ya kai ki irin wannan wuri, kada ki tsince ki zuba a jaka, domin inda guntun yake kwance rabin bayaninsa ne. Ki ɗauki hoto, ki rubuta wurin, ki kai wa malamanki. Kafin nan ki nemi izini a gida ki je wajen maginan Rumbukawa ranar gashi, ki riƙe hoton dokin nan a wayarki, ki tsaya har a buɗe wuta ki ga inda randa ta yi ja da inda ta yi baƙi, ki tambaye su dalili.