Amsa: Olajuwon ko Ben Wallace a tsaron gida

Ɗan'uwa, ka tambayi wanda ya fi tsaro tsakanin Hakeem Olajuwon da Ben Wallace, da kuma yadda ake auna tsaron ƙungiya a NBA, wato gasar ƙwallon kwando ta Amurka.

Kada ka tsaya ga yawan makin da aka zura mata a wasa, don ƙungiya mai saurin wasa dole a zura mata da yawa. Duba makin da abokan hamayya ke ci a cikin hari 100.

Ka tuna Detroit, ƙungiyar Wallace, a 2004. A wasa na 3 na ƙarshen gasa, maki 68 kacal suka bar Lakers ta ci, ga Shaquille O'Neal ga Kobe Bryant a fili! Wallace na tsaye ƙarƙashin kwando, Tayshaun Prince kuma ya manne wa Kobe da dogayen hannayensa. Aikin gayya ne na mutum biyar.

Amma ni Hakeem na zaɓa. Wallace ya ci kyautar gwarzon tsaro sau 4, gaskiya ne. Shi kuwa Hakeem, haifaffen Legas, ya kaɗe ƙwallon da abokan hamayya suka jefa kwando sau 3,830, adadin da ba wanda ya kamo. Kuma a 1994 da 1995 shi ne ke ɗauke da nauyin cin makin Houston har suka ɗaga kofi.