Shiga jaridar ɗalibai ɓata lokaci ne?

Ƙanina, ka ce ka samu gurbin karatun aikin jarida a Jami'ar Bayero, kana tsoron jaridar ɗalibai za ta cinye maka lokacin karatu. Shiga kawai. A aji za ka koyi dokar ɓata suna da tsarin labari, amma hannunka ba zai faɗa ba sai edita ya zabga wa rubutunka jan biro, ya ce koma ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Fara da na kusa: ƙarancin ruwa a ɗakunan kwana, kuɗin rajista, zaɓen ƙungiyar ɗalibai. Leƙa BUK FM ma, mita 98.9.

Af, a 2020 hukumar kula da jami'o'in Najeriya, NUC, ta raba fannin karatun aikin jarida gida bakwai, ka duba wanne aka ba ka.