Wane irin baki zan zaɓa wa malfar fedora da na ba da a yi mini?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ba da a yi mini malfar fedora ta felti na gashin zomo, faɗin faifanta santimita 6 da rabi. Mai aikin ya ce in zaɓi yadda za a gama bakin faifan. Ni yankakken baki nake so, amma abokai sun tsorata ni cewa zai zare kamar atamfa, wai dole a daje shi da ribon ko a shafa masa gam. Kuɗi masu yawa na sa, ina tsoron asara.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, malfarka ba za ta zare ba.

Kusan kullum sai na ji wannan magana, kuma ta lalata malfuna masu kyau da yawa. Abin da aka saƙa shi ne yake zarewa, domin yana da zaren tsaye da na kwance. Felti babu zare ko ɗaya a jikinsa. Gashi ne aka cuɗa da ruwan zafi da tururi da matsi har ya sarƙe da junansa ta kowace fuska. Ka yanka shi da reza ta ko'ina, bakin zai tsaya yadda ka bar shi. To me zai zare?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganin da baragurbin masu gyara suke bayarwa. Wani ya bi bakin da gam, wani ya babbake shi da wuta wai ya "kulle". Gam yana shiga cikin gashin ya bushe ƙarau, ya bar baƙin layi mai sheƙi, ranar da ka lanƙwasa gaban malfar sai wurin ya tsage. Ba ya fita da tururi, ba ya fita da burushi. Wuta kuwa roba take narkarwa, gashi ƙona shi take yi, ya yi jaja-jaja ya riƙa marmashewa a yatsa. Duk biyun gyaransu ɗaya: a yanke wurin a zubar, faifanka ya ragu har abada. Idan ka ga yankakken baki ya yi bushi-bushi ko ya rabu gida biyu kamar ɓawon albasa, laifin feltin ne da ba a cuɗa shi ya danƙaru ba, kuma an fi ganin haka a na ulu mai araha. Irin wannan ne ma wasu suke ɓoyewa a ƙarƙashin ribon, su ce maka aikin manya ne. Wannan ha'inci ne, mai yin sa ya ji tsoron Allah. Ka roƙi mai aikinka ya ba ka guntun da ya rage bayan yanka. Murza shi tsakanin yatsu, ka ja. Idan ya tsaya cur, yankakken baki zai yi maka shekaru. Aikinsa kawai a yanka da wuƙa mai kaifi a zagaye guda, a goge da samfefa mai laushi, a bi da ɗan tururi.

Sauran zaɓin ba don tsoron zarewa ake yin su ba, don ƙarfi da ado ne. Felti mara nauyi, wanda jikin malfar yake da nauyin giram 100 zuwa 120, bakinsa yakan yi laushi ya riƙa kaɗawa idan faifan ya kai santimita 7 ko ya wuce. A nan dajiya da ribon take amfani: ɗinkin yana zama kamar zobe, sai gaban malfar ya karye ƙasa tsaf, bayan ya tashi sama. Amma ka tambayi irin ribon ɗin. Na auduga da rayon mai ƙananan haƙora a gefe shi ne yake lanƙwasuwa da tururi ya bi da'ira. Na poliyesta mai miƙaƙƙen gefe ba ya bi, sai ka ga bakin ya tattare kamar bakin jaka. A kuma jiƙa ribon a busar kafin ɗinki, in ba haka ba ruwan sama na farko zai sa ya tsuke ya karkata faifan, ko rininsa ya zuba a kan felti mai haske.

Akwai kuma kalmasa, wato a ninka bakin feltin kansa a ɗinke, ko ta sama ko ta ƙasa. Ta ƙasa tana barin saman sumul, ta sama tana nuna ninkin kuma ƙura takan maƙale a ciki. Kowacce tana cin milimita 6 zuwa 10, don haka ka faɗa wa mai aikin cewa 6 da rabi ɗin bayan kalmasa kake nufi.

Idan wani ya yi maka tayin bakin Cavanagh, ka duba da kyau. John Cavanagh ya yi rajistar wannan fasaha a Amurka a 1913. A da, tun ana cuɗa jikin malfar a masana'anta ake ninka bakin ya haɗe da kansa, ba a ganin ɗinki. Mai shagon da ya sayo gamammen jikin felti ba zai iya yin sa a kan tebur ba.

Da gashin zomo mai kyau da faɗin 6 da rabi, ka ɗauki yankakken bakin da ranka yake so. In daga baya ka ga ya yi maka laushi, ana iya daje shi da ribon ba tare da an rage faɗin ba. Wanda aka daje tun farko kuwa, in aka cire ribon ramukan allura za su fito a jere, sai an yanke wajen rabin santimita kafin su ɓace.