Waƙar da ta yabi ƙasa kuma ta ambaci yunwa: kishi ne ko zambo?

Tambaya: Malam, an ba mu wata rubutacciyar waƙa mu yi nazari. Baitocin farko duk yabon ƙasa ne, koguna da duwatsu da ƙasar noma. Daga tsakiya sai mawaƙin ya koma kan yunwa da yara marasa makaranta. Na ce jigonta kishin ƙasa ne, 'yan ajinmu suka ce zambo ne, wai zan faɗi. Hankalina ya tashi, ga jarrabawa ta matso.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata, jigon da kika kama daidai ne. Saura warwara, wato bayanin jigon da hujjoji daga cikin waƙar.

Nemi ɗangon, wato layin baitin, da waƙar ta juya, yawanci da "amma" ko "kaico". Sannan ki duba wakilin suna. Mai zambo "ku" da "su" yake cewa, yana gefe yana nuni da baki. Mai kishi kuwa "mu" yake cewa, da shi ake jin kunyar. Ki kuma bi kogin nan da ya yaba da farko, ki ga ko shi ne ya dawo daga baya, jama'a na zaune a bakinsa da ƙishirwa. In haka ne, kin sami hujja: ya jera arzikin ne don a tambayi inda ya tafi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan karatun na 'yan ajinku, kullum sai na ci karo da shi. Wai duk wanda ya ambaci talauci ya tona asirin ƙasa. Wa ya faɗa musu? Masu sayar da gajerun bayanan haddar jarrabawa ne, waɗanda ba su taɓa karanta waƙa har ƙarshenta ba. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya caccaki bara da jahilci a waƙarsa ta "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya", wa ya isa ya ce ba ya kishin Arewa? Haɗarin ma ya wuce faɗuwa jarrabawa. Da irin wannan fahimtar ce jami'i zai sa yara su rera baitocin yabo a wajen biki, ya datse na yunwa, wai kada ran manyan baƙi ya ɓaci. Da ita ake laƙa wa mawaƙi sunan maƙiyin ƙasa, gobe a rufe masa baki. Rabin waƙa ake koya wa yaran, kuma malamai suna kallo sun yi shiru, haba jama'a!

A takardarki ki sa talauci cikin ƙananan jigogi, ki kawo ɗangon juyawar yadda yake, kada ki taƙaita shi da kalmominki.