Kek ɗin 'yar tsana: ina ribar ta shige?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yin kek a gida a nan Kano. Maƙwabciyata ta ba ni odar kek mai 'yar tsana a tsakiya don cikar 'yarta shekara 4, na yi mata kuɗin kek mai inci 8. Ya yi kyau har wasu mata biyu sun ce suna so, amma da na zauna lissafi ko kuɗin gas ban fitar ba. In ci gaba ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ci gaba, amma ba a wancan kuɗin ba.

Kin yi wa kek ɗin kuɗi da faɗinsa, alhali shi a tsaye yake cin kaya. 'Yar tsana irin Barbie tsawonta kusan santimita 29 ne, kuma kusan rabinta ƙafa ce. Kafin siket ya kai mata ƙugu sai kin ɗora kek kan kek, sannan ki kifa wanda kika gasa a kwanon silba. Kwaɓi biyu ke nan ko fiye, kika bayar a kuɗin ɗaya. Na kwanon kuma ba ya son wuta. In kin matsa masa, gefe ya ƙone, ciki kuma ɗanye, sai dai ki bar shi ya daɗe yana shan gas. Ga abin da wuƙa ke zubarwa wajen fitar da siffar siket da huda tsakiya. Duk fulawarki ce da ƙwanki.

Abin da ya fi ba ni takaici a lissafin masu kek shi ne ba sa sa kansu a ciki. Tuna daren nan: kin naɗe 'yar tsana da leda daga ƙugu zuwa ƙasa, kin ɗaure mata gashi kada ya taɓa kirim, kina matsa fure ɗaya bayan ɗaya har bayanki ya ƙage. Awa nawa? Ki yanka wa awarki kuɗi kamar yadda za ki biya wata.

Ga misali, ki sauya da alƙalumanki. A ce fulawa, sukari, bota, ƙwai da kala sun ci naira 15,000; gas, kwali, faranti da leda 4,000; aikin hannu 6,000. Kin tashi a 25,000, kuma har yanzu ba riba. Ki ɗora kashi 20 ko 30 cikin ɗari a kai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi a Kasuwar Singa ba ya zama wuri ɗaya, don haka ki faɗa wa mai oda kuɗin nan na mako guda ne.

'Yar tsanar kuwa lissafinta daban. Ko uwar yarinya ta kawo sabuwa, ko ki saya ta biya ki. Akwai masu araha da ake zare musu ƙafa. Da su siket gajere ya isa, kin rage kwaɓi, kin samu abin da za ki nuna wa mai ƙaramin ƙarfi maimakon ki yi ragi.

Kada ki kunna wuta sai an ba ki kafin alƙalamin da ya rufe kuɗin kaya, ko da 'yar ɗakinku ce. Kek mai sunan yarinya da shekarunta, in aka fasa, wa zai saya?

Sai batun kai wa mai oda. A Maris da Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, kirim ɗin bota kuma ba ya jure shi. Dogon kek a Adaidaita, rami ɗaya ya ishe shi. Ki sanyaya shi sosai, ki fita da shi da safe, ki riƙe kwalin a cinyarki, kuɗin mota kuma na mai oda ne.

Matan nan biyu, ki tura musu hoton da sabon farashi yau. In suka ce ai wance ba haka ta biya ba, ki ce wancan na gwaji ne. Wadda ta taya ƙasa da uwar kuɗinki, ki ce mata albarka.